Amsa: Jinsin halitta da wanda al'ada ta tsara

Ƴar'uwa, kin tambaya me ya raba jinsin halitta da wanda malaminku ya ce al'umma ce ta gina shi. Na farko a jiki yake: ƙwayoyin gado, galibi XX ga mace, XY ga namiji, sai mahaifa, haila da shayarwa. Ko a Yamai ko a Faransa abu ɗaya ne. Na biyu kuwa kayan da mutane suka ɗora wa kowa ne: wa zai yi daka, wa zai tafi rijiya, wa zai buɗe baki gaban mai gari. Wannan kan sake daga gari zuwa gari, yau ba kamar zamanin kakanni ba.

Ni a kasuwar Abalak abin ya zauna mini. Ga Buzu ya naɗe fuska da amawali, ido kaɗai kake gani, matarsa a gefe fuska buɗe tana ta ciniki, a wajensu ma tanti na mace ne. Da halitta ce ke hukunta rufe fuska, ai da ba a ga haka ba. Ko nan Tawa duba girki: magidanci ya hura wuta a gidansa, kafin magariba an laƙaba masa mijin-ta-ce, amma mai tsire da mai shayin bakin tasha da ke soya ƙwai tun asuba duk maza ne, ba mai ce musu uffan, don kuɗi ke shiga aljihu.