Amsa ga Hajiya game da karatu a Jami'ar Cape Coast

Assalamu alaikum, Hajiya. Kin ce 'yarki ta kammala jarrabawar WASSCE ta kammala sakandare, zuciyarta ta kwanta da Jami'ar Cape Coast da ke Gana, ke kuma kina son sanin ko wurin karatu ne na gaske ko kuwa shan iskar teku ne kawai ke jan yara, da kuma yadda yarinya Musulma za ta zauna a can. Ni a can na yi digirina na farko a fannin koyarwa, na taso ne daga zangon Kumasi, saboda haka zan faɗi abin da na gani.

Tun asali don horar da malamai aka kafa makarantar a 1962, ta kuma zama jami'a mai cin gashin kanta a 1971. Wannan asalin bai bar ta ba har yau, domin ana bin ɗalibi da gwaji da aikin gida daga farkon zangon karatu zuwa ƙarshensa, kuma makin waɗannan gwaje-gwajen yana shiga sakamakon ƙarshe. A zamaninmu akan sa gwaji da sanyin safiya, mu idar da sallar asuba mu kama hanya da takardu a hannu, muna jin rugugin teku daga ƙasan tudu. Yarinyar da ta saba tara karatu sai jarrabawa ta ƙarato za ta sha wuya a shekarar farko, amma wadda ta jure za ta fito da ilimin da ya zauna mata. Idan koyarwa 'yarki take so, a ganina ba ta da inda ya fi nan a duk faɗin Gana. Yanzu kuma fannonin sun yawaita, akwai likitanci, wanda ɗalibansa ke koyon aiki a asibitin koyarwa na garin, akwai aikin jinya, ilimin lafiyar ido, shari'a, kasuwanci da noma.

Batun teku shi ne na fi so ki fahimta, domin amfaninsa ga ɗalibi ya danganta da abin da yake karantawa. Jami'ar tana da sashen nazarin kamun kifi da halittun ruwa, tana kuma da cibiyar da ke bincike kan kula da gaɓar teku. Ɗaliban wannan fanni ba a allo kaɗai suke ganin darasinsu ba. Garin Elmina yana nan kusa, kuma wata abokiyar zamana da ke sashen takan tafi can da safe lokacin da jiragen masunta ke dawowa, ta tsuguna cikin mata masu ƙyafe kifi tana auna tsawon kifin da aka kamo, ta dawo ɗaki da ƙarni a mayafinta da littafi cike da lissafi. Mai karanta tarihi ko harkar yawon buɗe ido shi ma ya samu, saboda ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482 da ta Cape Coast, inda aka riƙa tsare bayi kafin a tsallaka da su, duk suna kusa, ga kuma gandun dajin Kakum. Wanda ya zo karanta lissafin kuɗi kuwa, iska mai daɗi kawai zai samu daga teku, don haka kada ya sa shi cikin dalilan zaɓensa.

Ina roƙonki ki ja mata kunne a kan shiga ruwan. Tekun Atlantika a wannan gaɓa yana da igiya mai ƙarfi da ke jan mutum ciki, kuma mu da muka tashi nesa da ruwa mu ne muka fi ruɗuwa da kyansa. Ta zauna a ƙarƙashin itatuwan kwakwa ta yi kallo, ya ishe ta. Iskar gishirin kuma tana sa ƙarfe tsatsa da wuri, laima tana kama tufafi da littattafai a lokacin damina, saboda haka ta riƙa shanya kayanta, kwamfutarta kuma ta ajiye ta cikin jaka.

Makarantar kashi biyu ce, tsohon mazauni da ke dab da teku da kuma sabo, inda babban ɗakin karatu na Sam Jonah yake, kuma motoci na jigilar ɗalibai a tsakaninsu. Akwai gidan kwana na Adehye wanda mata zalla ke zama, kuma shi zan ba ku shawara ku nema idan hankalinki zai fi kwanciya da hakan. Sai dai ki sani sababbin ɗalibai aka fi ba wa ɗaki a cikin makaranta, daga shekara ta biyu yawanci sai an kama haya a unguwannin da ke kewaye, irin su Amamoma da Apewosika da Kwaprow. Wannan kuɗin hayar shi ne ke zo wa iyaye ba zato, don haka ki fara tanadinsa tun yanzu, kuma ki je da kanki ki duba ruwa da tsaron gidan kafin a biya.

Ta fuskar addini ba za ta yi maraici ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA tana da ƙarfi, akwai masallaci, kuma a watan azumi mukan haɗu mu yi buɗa-baki tare. Mutanen gari Fante suke ji, amma idan ta shiga kasuwar Kotokuraba za ta tarar da 'yan zango da mahauta masu jin Hausa, a wurinsu muke sayen naman da muka amince da yankansa.

Kafin ku sayi fom, ku tabbatar ta sami aƙalla C6 a darussa shida, uku na dole da suka haɗa da Turanci da lissafi, da uku na zaɓi da suka dace da fannin. Ku duba makin da aka tsaya a kansa bara a fannin da take so, domin likitanci da shari'a da jinya suna neman sakamako mai kyau ƙwarai, sannan ta sa zaɓi na biyu wanda za ta iya karantawa da zuciya ɗaya. Idan kin faɗa mini darussan da ta yi da makinta, zan taya ku duba wanda ya fi dacewa da ita. Allah ya yi mata zaɓin alheri.