Yadda John Deere 110 ta yi ta sauyawa daga 1963 zuwa 1974

Malam, ka tambaya ko duk ƙananan taraktocin lambu John Deere 110 iri ɗaya ne, har a ciri kayan wata a ɗaura wa wata. A'a. Kusan sunan ne dai bai canja ba.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, duba lambar da ke kan farantin da ke ƙasan sitiyari. Kada ka dogara da injin, domin tarakta mai shekara 50 da ɗoriya sau da yawa an taɓa sauya mata shi.

An fara ƙera ta a 1963 a Horicon, jihar Wisconsin ta Amurka, guda 1,000 kacal. Ta wannan shekarar tana da injin Kohler K161 mai ƙarfin doki 7, giyar gaba uku, madigadinta kuma na faiba ne. A 1964 aka koma K181 mai doki 8 da madigadin ƙarfe. Daga lamba 15,001, wato 1965, giyar gaba ta zama huɗu, tayar baya ta tashi daga noti uku zuwa biyar. Rim ɗin 1964 ke nan ba zai hau ta 1966 ba. A 1966 ɗin aka kawo 110H mai ɗaga kayan aiki da haidirolik, da babbar 'yar'uwarta 112 mai injin Tecumseh doki 10.

Babbar rabuwar tana 1968, daga lamba 100,001. Kafin nan madigadi biyu ne masu lanƙwasa, kowace taya da nata. Daga nan aka yi faffaɗan ƙarfe guda mai kusurwa, ya haɗe da matakin ƙafa. Ba ado kaɗai ya canja ba, har maƙalar kayan aiki: mayankar ciyawa samfurin 38 ta tsohuwar ce, 39 ta sabuwar. Nan ne masu saye suka fi yin asara, su ga "110" a talla su biya, kaya ya iso ya ƙi shiga.

In ka ga fara mai bonet ja, ruwan lemo, rawaya ko shuɗi, kada ka yi saurin cewa fentin wani ne. Kamfanin ya fitar da su haka tsakanin 1969 da 1971, ba su samu kasuwa ba, yanzu kuwa masu tara tsofaffin taraktoci su suke nema. Daga 1972 aka ƙara zaɓin K241 mai doki 10, aka tsaya a 1974, jerin 200 ya gaje ta.

Abin da duk suka yi tarayya a kai shi ne wani fulin bel mai sauya gudu ba tare da an taɓa giya ba, kuma shi ya fi ba da wahala. Faifansa na tsakiya dole ya riƙa zamewa hagu da dama. In tarakta ta daɗe a ajiye tsatsa kan kama shi, sai ka tura liba gudu bai ƙaru ba, ko bel ya yi ta ƙauri. Kwance shi, ka goge sandar da faifan ke zamewa a kai da lallausar sanfefa, ka sauya bel biyun tare, kuma da lambar taraktarka za ka neme su.

Injinan Kohler ɗin ba su da filtar man inji, wani ɗan cokali ne a ƙasan kwanrod ke watsa shi. Zuba man inji SAE 30, duba shi kullum kafin tayarwa, in ya yi ƙasa a kan gangare kwanrod ne zai fara lalacewa. Tazarar kwantak ɗin da ke ba fulogi wuta inci 0.020 ce.