Bijimin Baba da Bashin Karatu: Amsoshin Wannan Makon

Tun da aka buɗe rajistar sabon zango saƙonni suka yi ta shigowa, kusan duk a kan kuɗi. Uku na ɗauka, kuma na farkon shi zai ci mana lokaci.

Wani dattijo daga Daura ya rubuto: “Yarona ya samu gurbi a Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Abokansa duk suna cike bashin gwamnati na NELFUND. Ni ina tsoron riba, ina kuma tsoron ranar da za a zo ƙofar gidana neman kuɗi. In sayar da bijimina in biya masa, ko in bar shi ya ci bashin?”

Baba, Allah ya ƙara girma. Ka bar bijimin nan a turkensa tukuna.

Dokar bashin karatu da ake aiki da ita yanzu Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a Afrilun 2024, ta maye gurbin ta 2023, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Bashin ba shi da kuɗin ruwa: abin da yaro ya ci shi zai mayar, ba ƙari. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai wa malamin da ka amince da shi wannan bayanin yadda yake, ka ji ta bakinsa. Maganar zuwa ƙofar gidanka kuwa, tsohuwar dokar ce ta nemi masu tsaya wa ɗalibi, sabuwar ta cire wannan sharaɗi. Yaron ake bi, ba kai ba. Sai ya gama bautar ƙasa da shekara biyu za a fara karɓa, kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu. Wanda bai samu aiki ba yana iya yin rantsuwa a rubuce ya nemi a ɗaga masa ƙafa, kuma dokar ta tanadi yafiya idan mutum ya rasu.

Amma kuɗin kashi biyu ne, kuma a nan nake so ka tsaya. Akwai kuɗin makaranta, wanda ake tura wa jami’a kai tsaye, yaro bai ma taɓa shi. Akwai kuma naira 20,000 ta wata-wata da ke shiga asusunsa. Yara na kiranta alawus, sunan nan kuwa shi ke ruɗinsu, don bashi ce ita ma. Mu yi lissafi irin na kasuwa: in ya karɓa kowane wata har shekara huɗu, naira 960,000 ke nan, ban da kuɗin makarantar. A ce Allah ya ba shi aikin naira 100,000 a wata, ana cire 10,000. Shekara takwas zai yi yana biyan kuɗin da yawancinsa ya tafi a data da indomi, a daidai lokacin da zai so haɗa lefe.

Shawarata, ya ci na makaranta, ka riƙe bijiminka ka yi huɗa da shi. Da kaka ka auna masa gero da wake da ɗan manja ka sa a mota. Ɗalibin da ke da hatsi a ɗaki ya fi mai dubu ashirin a waya kwanciyar hankali, musamman yadda kaya suka tashi tun cire tallafin mai a 2023. In damina ta yi gardama, gida ya gaza, to a lokacin ya nemi na wata-watan, babu kunya a ciki.

Sai abin da ke kayar da yaranmu tun a bakin ƙofa, wato suna. Za a nemi NIN da BVN da lambar JAMB da takardar shiga makaranta. Yaro a nan Muhammad, a can Mohammed, a wani wurin an sa sunan kaka a madadin na uba, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Ya gyara wannan kafin ya fara cikewa. Neman kyauta ne. In ya je kafe, ladan aikin mai kafe kawai zai biya, duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya “tura sunan” ɗan damfara ne. In kuma wa’adin rajista ya matso har kuka biya da kanku kafin kuɗin ya iso, ya adana rasit kamar takardar gona, don da shi zai nemi makaranta ta mayar masa. Kada ya manta da Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Katsina. Nata kyauta ne ba bashi ba, sai dai ba a dogara da shi wajen biyan kuɗin rajista.

Wata ɗaliba ’yar aji biyu a Jami’ar Umaru Musa ’Yar’adua ta ce ta kwashi adashi, wayarta ta tsufa, ƙawayenta kuma na cewa laftof ya kamata ta saya. Wanne?

Ƙanwata, ba ki faɗa mini abin da kike karanta ba, amsar kuwa a nan take. In kimiyyar kwamfuta ce ko lissafi, laftof, yau ba gobe ba. In fannin da karatunsa handawut ne da littafi, waya mai lafiya za ta kai ki aji uku, laftof sai furojet ya gabato. Na ga waɗanda suka saya tun ajin farko, kafin ranar amfaninta baturi ya mutu a kallon fim. Da a matsayinki nake, in tsohuwar wayar tana buɗe PDF tana shiga WhatsApp na aji, sai in canza mata baturi in ajiye sauran.

In kin tsaya a kan laftof, ta hannu mai kyau irin HP ko Dell ko Lenovo ta ofis ta fi sabuwa mai arha ƙarko. Ki nemi mai RAM 8GB (ƙwaƙwalwar aikinta) da SSD (ma’ajiyar bayanai mai sauri). Ki tafi da wanda ya san kanta, a cire caja a gani ko baturi zai yi awa biyu, don kin san halin wutarmu. A danna kowane maɓalli, a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ba, a rubuta miki rasit da lambar jikinta. Mai shagon da ya ƙi ba ki kwana biyu na gwaji, ki yi masa sallama.

Na ƙarshe wani ɗalibin Jami’ar Al-Qalam ne: zai iya cin NELFUND, in kuma ba zai iya ba, ya ci na manhajojin waya da ke tura masa saƙo?

Ɗan’uwa, bashin na makarantun gwamnati ne, taku kuwa mai zaman kanta ce. Na wayar nan kada ka kusance shi. Ruwa ne a kansa, wa’adinsa ’yan makonni, wasunsu kuma in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna shelar sunanka, har kawunka na ƙauye ya ji. Ka je ofishin kuɗi na makarantarku ka tambaya ko za su karɓa kashi-kashi, ka tafi da mahaifinka ko yayanka in da hali, maganar ta fi nauyi a bakin babba.