Kiɗan nan mai tsinka zuciya a fim ɗin Psycho, na waye?

TAMBAYA: Salam Malam. Kwanan nan na kalli wani tsohon fim ɗin Turawa baƙi da fari mai suna Psycho, wallahi wajen da aka kashe matar nan tana wanka sai da tsikar jikina ta tashi, amma da na maimaita wajen na kashe sauti sai na ga tsoron ya ragu sosai. Wai waye ya yi fim ɗin, kuma kiɗan na waye? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, ai kin riga kin gano lagon abin da kanki. Daraktan shi ne Alfred Hitchcock, haifaffen Landan a 1899, ya koma Amurka a 1939, ya mutu a 1980. Gwani ne wajen sa ɗan kallo zaman ɗar-ɗar, kuma duk da haka sau 5 ana sa sunansa a takarar Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a rukunin darakta bai taɓa ci ba.

Kiɗan kuwa na Bernard Herrmann ne, Ba'amurke. Abin dariyar, lokacin da ake haɗa fim ɗin, wanda ya fito a 1960, Hitchcock cewa ya yi kar a sa kiɗa ko kaɗan a wajen wankan, shi kuma Herrmann ya yi kunnen uwar shegu ya je ya rubuta abinsa, da oga ya saurara sai jikinsa ya yi sanyi ya ce a bar shi. Kuma duk fim ɗin ba ganga ba abin busa, goge ne kawai irin na Turawa manya da ƙanana. Wannan kiii! kiii! kiii! ɗin da kika ji masu gogen ne ke karta tsirkiya da ƙarfi, kowace ƙara kamar saukar wuƙa. Ki sake duba wajen a hankali, kusan ba a nuna wuƙar tana shiga jikin Janet Leigh, jarumar da ta fito a matsayin matar, ba, hotuna ne gajeru-gajeru ake ta yankowa, labule, baki a buɗe, ruwa na gangarawa, sauran kunnenki ne ya ƙarasa miki. Jinin ma ruwan cakulan ne fa.

Ni dai a wajena kiɗan da Herrmann ya yi wa Vertigo, fim ɗin Hitchcock na 1958, ya fi daɗi, yana ta juyawa kamar mai jin jiri, shi ba tsorata ki zai yi ba, damunki zai yi har bayan kin tashi. Ki neme shi. In kuma kika kalli The Birds, wani fim ɗin Hitchcock na 1963, kar ki jira kiɗa, babu, kukan tsuntsaye ne da aka haɗa da na'ura.

Ƙarshen tafiyar tasu bai yi kyau ba. A 1966 wajen aikin fim ɗin Torn Curtain Hitchcock ya nemi kiɗan zamani irin wanda matasa ke so, Herrmann ya kawo nasa mai nauyi yadda ya saba, aka sallame shi, ba su sake aiki tare ba.