Tambaya da Amsa: Hawan Igiyar Teku da Kuɗi Kaɗan

Tambaya: Malam, ni da ƙanena muna son fita waje wasan hawan igiyar teku, amma guzurinmu kaɗan ne, shi kuma ko a Gulbin Rima bai iya iyo sosai ba. Ina za mu dosa? Daga mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, ku nufi Dakar, babban birnin Senegal. Fasfon ECOWAS ya ishe ku, babu biza, amma ku riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Ku sauka unguwar Yoff: gaɓarta rairayi ce, akwai masu koyarwa, kuma ana ba da hayar allon hawa, kada ku sayi naku. Ngor kuwa, wani wurin hawan igiya da ke kusa, duwatsu ne a ƙarƙashin ruwa, ban yarda ka kai yaron can ba. Don Allah, ya ƙware a iyo tukuna kafin ku yanki tikiti.