Tambaya da Amsa: Me ke Kumbura Kwanson Harsashin Ƙaramar Bindiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, nan Legas. A watan jiya na ziyarci ƙanena a birnin Houston na Amurka, inda doka ta ba shi damar mallakar ƙaramar bindiga samfurin .380 da kuma sake cika kwansunan tagulla da harbi ya fitar. Ya nuna mini wasu daga cikinsu sun yi tumbi a gefe guda kusa da gindi, wasu kuma sun ƙi shiga bindigar bayan ya cika su. Shi yana cewa ba komai, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mene ne dalili? Kuma zan iya sa ya aiko mini da kaɗan in kai wa mai juya ƙarfe ya duba?
Daga wani mai karatu, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rashin kwanciyar hankalinka yana da tushe, sai dai abubuwa biyu ne ka gani a teburin ƙanen naka, kuma kowanne da nasa dalili. Tambayar da za a fara yi masa ita ce yaushe kumburin ya bayyana, bayan an yi harbi ne ko kuwa tun a wajen cikawa.

Mu fara da tumbin gefen gindi, domin shi ne mai haɗari. Kwanson harsashi tagulla ce, kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, kuma ita kaɗai ba za ta iya jure matsin albarushi ba. Bangon bututun bindiga ne yake tallafe da ita a lokacin da wuta ta tashi. To a bindigogi masu ɗura kansu akwai ɗan gangare a ƙasan mashigar bututun wanda harsashi ke hawa kafin ya zauna, kuma a wasu samfuran gangaren ya ci wani yanki na bangon, sai ɗan gefen kwanson ya kasance babu abin da ya tokare shi. A nan tagullar ke turowa. Idan ƙanenka ya cire bututun ya zura kumburarren kwanson ya jujjuya shi, zai ga siffar tumbin ta yi daidai da bakin gangaren, kamar an zana jinjirin wata.

Amma gangaren kaɗai ba ya cika kawo babban kumburi, sai wani abu ya haɗu da shi. Harsashin .380 ACP, wanda John Browning ya ƙera ya fito a 1908, kwansonsa milimita 17 ne kacal a tsawo, kuma iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta ƙayyade masa shi ne 21,500 a ma'aunin psi, alhali na harsashin 9mm Luger ya kai 35,000. A ɗan wuri irin wannan, ƙarin albarushin da ido ba zai lura da shi ba yana iya haura iyaka. Haka nan idan bakin kwanson bai riƙe ƙwayar harsashin da kyau ba, takan nutse ciki a lokacin da ta bugi gangaren, sararin albarushi ya ragu, matsi ya yi sama nan take. Sannan da yawa daga cikin ƙananan bindigogin nan ba su da makullin da ke ɗaure bututun da murfin sama, wato ɓangaren da ke ja da baya idan an harba; nauyin murfin da ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe kwanson a mazauninsa, don haka idan sifirin ya gaji sai kwanson ya fara ja da baya tun matsi bai sauka ba. Tagullar da aka cika sau da yawa ita ma takan gaji.

Hanyar rarrabewa ba ta da wuya. Ya harba harsasan kamfani kaɗan a wannan bindigar, ya tsince kwansunan ya jera su kusa da nasa. Idan na kamfani sun fito sumul, to laifin cikawarsa ne, sai ya daina harba sauran, ya kwance su, ya sake duba sikelinsa da littafin awon masu yin albarushin. Idan kuwa har na kamfanin sun yi tumbi, bindigar ce ke buƙatar ƙwararren mai gyara. Duk kwanson da farce ya ji layi ko tsaga a jikinsa, kwandon shara ne makomarsa. Akwai na'urar da ake tura kwanso ta cikinta tumbin ya koma, amma ni ban yarda da ita ga irin wannan ba, domin siffa kawai take gyarawa, tagullar da ta miƙe ta yi siriri tana nan yadda take, kuma ranar da ta fashe ta ƙasa wuta za ta bi, wajen da hannun mai harbi yake.

Waɗanda suka ƙi shiga bayan cikawa kuwa matsalarsu ta fi sauƙi. Kaurin ƙwayar .380 inci 0.355 ne, kuma bangon kwanson yana ƙara kauri ta ciki yayin da ake gangarawa gindi, saboda haka idan ƙwayar ta yi kauri, ko ta nutse da yawa, ko ta shiga a karkace, sai ta turo bangon waje a daidai inda gindinta ya tsaya. Kumburin gefe guda yana nuna karkata, wanda ya zagaye kuma yana nuna kauri ko zurfi, ko kuma an matse bakin kwanson fiye da kima har jikinsa ya lanƙwashe. Ya cire bututun, ya saki harsashin ciki: mai kyau zai faɗa da nauyinsa, ya kuma zubo da kansa idan an kifa. Wanda ya maƙale sai a shafe shi da baƙar maka a sake zurawa, inda tawadar ta goge nan ne yake cijewa.

Batun aikowa kuwa, Alhaji, kada ka soma. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol, wato ƙaramar bindiga irin wannan, cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ta kuma hana shigo da harsashi ko haɗa shi ba tare da izini ba. Ko kwanson da babu komai a ciki, idan jami'an kwastam suka gan shi a filin jirgin Murtala Muhammed, za ka sha tambayoyin da ba ka shirya musu ba, kuma za ka jawo wa mai juya ƙarfen naka rigima. Masu gyaran bindiga masu lasisi suna nan birjik a Houston. Ƙanen naka ya ɗauki bindigar da kwansuna biyar ko shida daga kowane kashi ya kai musu.