Tsakanin "a" da "an", da inda "wani" ya shigo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. An koya mana cewa idan kalmar Turanci ta fara da wasali, wato a, e, i, o, u, sai a sa mata "an", in kuwa baƙi ne a sa "a". Na rubuta "an university" malaminmu ya soke da jan biro. Ina laifina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya, ke ma kuma ba da ka kika yi ba, dokar ce aka ba ku rabinta. Ba harafin da ido ya gani ake dubawa ba, sautin da ya fara fita daga baki ake saurara. Furta kalmar a hankali ki ji: yu-ni-ba-si-ti. Da "y" kika fara, shi kuwa baƙi ne, saboda haka "a university" za ki rubuta. Haka "a uniform", haka "a European". Amma "umbrella" da wasali take farawa a baki, sai a ce "an umbrella".

Hausarki ma za ta taimake ki a nan, domin mu yadda muka ji kalma haka muke rubuta ta. Muna cewa yunifom, muna cewa awa ɗaya. Ina "h" ɗin "hour" ta tafi? Turawan ma ba sa furta ta, shi ya sa suke cewa "an hour", "an honest man". Sai dai kada ki ɗora komai a kan kalmomin aro. Mun ce asibiti, mun ce otal, alhali a Turancin yau ana furta "h" ɗinsu, "a hospital", "a hotel".

Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne gajerun sunaye, har a takardun neman aiki. NCE harafi-harafi ake karanta ta, en-si-i, don haka "an NCE holder". NECO kuwa a haɗe ake kiranta, neko, sai a ce "a NECO result". Harafin farko ɗaya ne, sautin ne ya raba su. Kuma kalmar da ke manne da "a" ko "an" ɗin ita ke da iko, ko da sifa ce: "an egg", amma "a big egg".

Akwai dalilin da ya sa abin ke kuɓuce wa Bahaushe. A Hausa babu kalmar da ke farawa da wasali tsagwaronsa. Ido, uwa, aiki, duk akwai 'yar hamza a gabansu, irin wadda muke rubutawa a tsakiyar sa'a da jama'a, sai dai boko ba ya nuna ta a farkon kalma. To idan Bahaushe ya ce "a egg", hamzar nan yake cusawa tsakani, ba ya jin wani nauyi a harshensa. Bature kuwa haɗe kalmomin yake yi, "n" ɗin ce ke raba masa wasulan biyu. Asali ma "an" ce ta fara zuwa, daga tsohuwar kalmarsu mai nufin ɗaya, daga baya "n" ta faɗi a gaban baƙaƙe.

Tambaya: Malam, ina koyarwa a firamare. Nakan ce wa yara "a" ita ce "wani" ko "wata". Daidai ne?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki, amma ina roƙonka ka sassauta wannan fassara. Idan na ce "na sayi littafi", Bature zai ce "I bought a book", ga shi babu "wani" a maganata. In kuwa na ce "na sayi wani littafi", akwai takamaiman littafi a raina wanda ban bayyana maka ba. Kuma "wani" tana da aikin da "a" ba ta iya yi. Dubi karin maganar nan, abincin wani gubar wani. "Wani" na farko mutum ne, na biyu mutum ne dabam. Haka da aka ce wani kaya sai amale, ana nufin akwai irin nauyin da sai babba ke iya ɗauka, ba kowane kaya ba.

Illar fassarar tana fitowa ne in yaran sun girma. Yaro ya saba cewa "wata shawara", "wani bayani", sai ya rubuta "an advice", "an information", alhali Turanci ba ya ƙirga waɗannan, "some advice" ko "a piece of advice" ake cewa. Ta ɗaya gefen kuma, tunda babu "wani" a "babana manomi ne", sai ya rubuta "my father is farmer", ya bar "a" ɗin da ta zama dole.

Abin da na fi so ka yi da yaran aji shi ne ka ɗaga ƙwai ɗaya, ko lemo, ko fensir, su faɗa da baki tare, "an egg", "an orange", "a pencil", suna haɗe kalmomin ba tsayawa. Sai kunnensu ya saba, sannan ka rubuta musu a allo.